Matar da Ta Ce Mini Babu a Gwanzu

Tun da na dawo daga Chana ban huta ba. Duk wanda ya kawo mota gareji sai ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labari, kuma tambayar ɗaya ce: da gaske na tafi har can saboda ƙarafa huɗu? Wasu ma don tsokana ba sa cewa Gwanzu, sunan garin da na je, wai na je Gwanjo neman gwanjo. Na gaji da ba da amsa ina kwance ƙarƙashin mota baƙin mai na ɗiga mini a ido, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Ni bakanike ne a Kano, na haura shekara talatin a sana'ar. Mahaifinmu direba ne, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana mota ɗaya, irin tsofaffin nan 'yan Faransa masu dogon baya da ake haɗawa a Kaduna zamanin da. Ni da wana, Yaya Sule, muka gaje ta. Shi malamin makaranta ne da ya yi ritaya, abin da ya sani a mota bai wuce kujerar mai zaman banza ba. Ni kuwa na ɗauki buri na ɗora wa motar nan, na ce sai injinta ya fi yadda ya fito daga kamfani ƙarfi da gudu. Na sa mata kafireta biyu, na canza salansa, sannan na sayi sababbin kwanrod a kasuwa, wato sandunan ƙarfen nan huɗu da ke haɗa fistin da karanshaf. Mai shagon ya rantse mini orijinal ne, kwalin har da tambari mai ƙyalli. Na cire na asali, don sun tsufa ba za su ƙara ɗaukar gudu ba, na zuba a buhu na jefa a sito.

Ranar gwaji na ɗauki Yaya Sule za mu ɗaurin aure Wudil, ya sha farar shadda mai sitati. Na taka ta, tana ba da wuta gwanin sha'awa, ina ta kallon Yaya ta gefen ido ko zai yaba. Ba mu yi rabin hanya ba kwanrod ɗaya ya lanƙwashe, injin ya buga. A bayan motar albasa muka ƙarasa, an riga an shafa fatiha har an fara watsewa.

Shekara biyu motar tana tsakar gidanmu na gado, kaji na ƙwai a cikinta. Ran nan Yaya Sule ya yanke hukunci a gaban matanmu, yadda ba zai iya janyewa ba: in ba ta tashi ba kafin babbar salla, 'yan gwangwan za su zo su yanka ta su auna a kilo. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don a jikin motar nan na koyi riƙe sifana. Na zaga Kano da Kaduna, duk inda na je irin wancan kwali mai ƙyalli ake miƙo mini. Sai taubashina, Alhaji Nafi'u, wanda ke sarin tufafi daga Guangzhou, garin da mu muke ce wa Gwanzu, ya ce in bi shi in ga inda ake haihuwar jabun da idona. Ya ce ai inda ake yin na banza, nan ake yin na kirki. Shi Injiniya yake kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Matsalar farko tun a filin jirgin Kano ta fara. Na naɗe lanƙwasasshen kwanrod ɗin nan a tsohuwar singileti na sa a jakar hannu, don shi ne samfurin da zan nuna. Na'ura ta yi kuka, jami'i ya zaro shi yana juyawa, ya tambaye ni ko makami ne. Na shiga yi masa bayani tun daga fistin, shi kuma da ya gane sana'ata sai ya manta da makami ya shiga tambayata dalilin da tasa motar ke zafi a go-sulo. Na ce ya wanke lagireto. Ya yi godiya, amma duk da haka ya sa aka mayar da ƙarfen cikin babbar jaka.

A jirgi ma ban tsira ba. Mu kanikawa kunnenmu ba ya hutu, bayan mun tashi daga Addis Ababa na raɗa wa Nafi'u cewa injin hagu akwai wata 'yar ƙara da ban yarda da ita ba. Ashe wata Hajiya da ke kusa da mu ta ji, ta ɗauki salati ba ta ajiye ba har aka kawo abinci. Nafi'u ya ce in na sake buɗe baki kafin mu sauka zai gaya wa ma'aikatan jirgi bai san ni ba.

Da muka sauka, wajen masu duba fasfo akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa. Kowa ya ɗora ya wuce, ni na ɗora ta ƙi. Na goge a riga na sake, ta ƙi. Shekara talatin na fetur da sandfefa sun cinye zanen, yatsuna sun zama sumul. Jami'ar ta kama hannuna tana dubawa kamar mai sayen fata, ta kira wani, shi ma ya duba. Ƙarshe na kwaikwaya musu ɗaurin noti da sifana a iska, namijin ya yi dariya ya nuna mini wani layi dabam. Can na samu Nafi'u ya zauna kan jakarsa yana ba wasu 'yan Maraɗi labari wai ni ɓarawo ne da ya goge shaida.

Masaukinmu kusa da titin Guangyuan yake, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Ɗaki ne da in ka shimfiɗa darduma sai ɗaya ya hau gado ya ba ɗaya wuri, taga kuma bangon wani gini take kallo. Abin da ya fara ɗaure mini kai ruwan sha. A gida baƙo ruwan sanyi ake tarbarsa da shi, can kuwa ko gumi kake ruwan zafi za a zuba maka, su ce shi ne lafiya. Abinci muna ci wajen wani Musulmin ƙasar mai farar hula, yana murɗa taliya da hannu a gabanka. Da tsinkayen cin abincinsu na yi kokawa kwana biyu, taliya na zamewa tana komawa kwano, har mutumin ya ji tausayina ya riƙa ajiye mini cokali mai yatsu tun kafin in zauna. Ran da kewar gida ta kama ni, Nafi'u ya kai ni hawa na uku a wani gini inda wata 'yar Nijar ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Nan za ka ji Hausar Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi a tebur ɗaya, kowa na ganin tasa ce daidai.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a garin shiru ne. Motoci fal titi, yawancinsu na lantarki, ba tari ba hayaƙi, babur ya zo bayanka ba ka ji ba sai ya kusa taka maka dunduniya. Na yi ta dube-dube ko zan ga bakanike ɗaya a bakin titi da shuɗin kaya, ban gani ba. Na ce wa Nafi'u in wannan abu ya iso Kano mun shiga uku. Ya ce kada in damu, sai an fara kawo wutar tukuna.

Shi da safe kasuwar Baima yake tafiya wajen tufafinsa, ni kuma ya kai ni kasuwar kayan mota, ya koya mini kalmomi uku ya tafi ya bar ni. Lawban shi ne maigida, yo na nufin akwai, meyo na nufin babu. Sauran magana waya ce ke fassarawa, ciniki kuma a kalkuleta. Kasuwar gini ne hawa-hawa, in ka shiga wani lungu ba ka san ta inda za ka fita ba.

A can ƙurya na fara cin karo da wani ɗan shago mara ado. Wata dattijuwa mai tabarau na zaune tana shan shayi. Na gaishe ta, na nuna mata hoton motar, na ce orijinal nake so. Ta kalli hoton sau ɗaya ta ce, “Meyo.” Na zaro samfurina, ko karɓa ba ta yi ba, ta sake cewa meyo ta koma kan shayinta. Raina ya ɓaci. Kun san dai a kasuwarmu ɗan kasuwa ba ya furta babu. Zai ce ka zauna, zai ce yana sito, zai ce yana hanya, zai zaga shagon maƙwabci, in ta ƙure ya ce ka dawo jibi. Babu gatsau ga mai saye a wurinmu rashin tarbiyya ne. Na fita ina cewa wannan ko kyauta take bayarwa ba zan dawo ba.

Sauran shagunan kuwa, mutanen kirki, kamar 'yan gida. Kowa yo, kowa akwai. A ba ka kujera, a ba ka ruwan zafi, a kira ka aboki. Sai dai kafin a ɗauko kaya akwai tambayar da ba sa tsallakewa: wace ƙasa? Ni da alfaharina nakan bugi ƙirji in ce Najeriya, sai in ga an sunkuya an jawo daga kantar ƙasa. Da na ba Nafi'u labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kaya hawa-hawa ne, ƙasar da ka ambata ita ke nuna hawan da mutanenku suka saba saye. Washegari na je wani shago da hula zanna a kaina na ce Jamus. Mai shagon ya kalli hular, ya kalle ni, ya sunkuya kantar ƙasa.

Wani abin mamaki, kwali dabam ake sayarwa. Akwai shagon da ba ya sayar da komai sai kwalaye da tambari mai ƙyalli, ka zaɓi wanda ya yi maka. Na ga irin wanda aka rantse mini a kansa a Kano, an jera su har rufi. Na tsaya ina kallonsu, kunya ta kama ni kamar ni na buga su.

Ina da hanyar gwada ƙarfe da na gada wajen maigidana. A rataye shi da zare a ƙwanƙwasa da sifana: wanda aka ƙera da duka yakan yi amo mai tsawo, wanda aka narka aka zuba kuwa ƙarar a nan take mutuwa. Haka na bi kasuwar nan da zare da sifana mai lamba goma sha uku, har masu shaguna suka san ni, in na doso su fara yi mini ƙarar da baki. A kwana na biyar gajiya ta sa na sayi wasu huɗu da amonsu bai yi muni ba. Sai dai injin gudu yana son huɗun nan nauyinsu ya zo ɗaya. Da rana na roƙi mai taliya aron sikelin da yake auna fulawa, na ɗora su ɗaya-ɗaya yana karanta mini. Babu biyun da suka yi daidai. Na mayar wa mai shagon, ya ɗaga kafaɗa, waya ta fassara mini cewa ai daidai da samfurina ya ba ni.

Saura mini kwana shida in koma gida. Na zauna a kan matakala na rasa abin da ke mini daɗi, ina hango 'yan gwangwan da gudumarsu a tsakar gidanmu. Nan na lura da wani abu. Motar nan an daina yin ta tun ina saurayi, to ta ina kowa ke da orijinal ɗinta? A duk kasuwar mutum ɗaya ce ta gaya mini gaskiya, ita ce kuma na yi fushi da ita.

Na ja Nafi'u muka koma, shi yana ɗan jin yarensu na kasuwa. Duk hanya yana tuna mini rantsuwar da na yi cewa ba zan koma wajen dattijuwar nan ba. Na gaishe ta da lawban har da rusunawa. Wannan karon ban ce orijinal ba, na ce ina son wanda ba zai lanƙwashe ba in an taka mota. Sai ta ajiye kofi. Ta karɓi samfurin, ta juya shi, ta kankare gefensa da wuƙa, ta yi wata gajeriyar magana. Nafi'u ya fashe da dariya kafin ya fassara.

“Injiniya, wai cewa ta yi wannan ma ba na motar ba ne. Jabu ka ɗauko tun daga Kano kake yawo da shi a yi maka irinsa.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mu a gareji haka muke aiki: abin da ya lalace shi kake ɗauka ka kai kasuwa a ba ka irinsa, ba ruwanmu da rubuta awo. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa wanda ya lalace ɗin shi ne mai laifin ba. Kwana biyar mutanen nan suna ba ni daidai abin da na roƙa.

Ta ce ƙaninta na da ƙaramar maƙera a bayan gari, yana yi wa masu tseren mota aiki, amma ba ya aiki da ido, sai da awo na gaskiya daga na asali. Na asali kuwa suna buhu a sitonmu na Kano, makullin siton kuma yana hannun mutum ɗaya.

Da la'asar ɗin can, safiyar gida ke nan, na kira Yaya Sule ta bidiyo daga shagon. Na gaishe shi, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na tambayi ƙafarsa, har ya gaji ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Da na faɗa sai ya ce shi da ya ba ni wa'adi shi zan sa ya shiga sito da ƙadangaru? Na ce, “Yaya, ka taimaka. In ba ka auna ba, ba ni da kowa.” Ya yi tsaki ya ajiye wayar tana kallon silin. Muna jin ƙarar kwano da faɗuwar kaya da faɗansa, can sai ga shi da buhu, gizo-gizo a hula.

An karɓo masa ma'aunin ƙarfe daga garejina, ya riƙe shi a juye. Matar nan ta matso da fuskarta jikin wayar tana nuna masa da nata ma'aunin, tana faɗa da yarensu, shi yana mayar mata da Hausa cewa ta bi shi a hankali, shekararsa talatin da biyar yana koyar da lissafi. Abin mamaki suka fahimci juna ba tare da mu ba. Malamin ya motsa: kowane awo sai ya yi sau uku, ya rubuta a takarda, ya ɗaga mata ta gani. Sau ɗaya ta ce ya yi kuskure, ya sake aunawa ya nuna mata ita ce ta karanta ba daidai ba, ta ɗaga masa babban yatsa. Da aka gama ya juya ƙarfen a hannunsa ya ce akwai wata 'yar alama da aka buga a gefe. Na ce Baba ne ya buga, haka yake yi don kada a musanya masa a gareji. Sai ya kashe wayar.

Aikin kwana goma sha biyu ne, in ji ta. Na ce shida gare ni, na roƙa, Nafi'u ya roƙa, na ce zan ƙara wani abu. Ta ce meyo. Na ce to in an gama a sa mini a kwali mai kyau don mutanen gida su yarda. Nan ma meyo, ta ce ƙaninta ba ya sa aikinsa a rigar wani. Wannan karon ban ji haushi ba, hankalina ma kwanciya ya yi.

Haka na dawo Kano ba ƙarfe ko ɗaya, sai fulas ɗin ruwan zafi da na saya wa maiɗakina. Abin da na sha a gareji ba ya faɗuwa. Kayan kuma aka ce za su biyo dilolin Nafi'u, dilolin suka maƙale a hanya. Salla ta matso, aka fara ɗaure raguna a unguwa, ba labari. Saura kwana biyu 'yan gwangwan suka zo da kurarsu da guduma, kamar yadda aka yi da su. Ina tsaye a soro, na kasa shiga, ban kuma da bakin roƙo, don wa'adi ya cika. Yaya Sule ya fito yana gyara tabarau, ya dube su, ya dubi motar.

“Ku yi haƙuri ku koma,” ya ce. “Akwai awon da na yi, ina son in ga ko ya fita daidai.”

Bayan salla da mako biyu kayan suka iso, naɗe cikin jarida mai maiƙo, a tsakiyar dilar dogayen riguna. Ba kwali, ba tambari. Na rataye ɗaya na ƙwanƙwasa, amon ya daɗe bai mutu ba. Na kai su sikelin mai sayar da zinare, huɗun suka zo ɗaya. Mako guda ina haɗa injin, Yaya Sule na zaune a kujera da takardarsa yana sa mini ido, shi da ko murfin mai bai taɓa buɗewa ba. Bugu na biyu ta tashi, kaji suka watse.

Ranar Juma'a da hantsi muka hau hanyar Wudil, ya sake sa farar shadda, da gangan na sani. Da muka fita gari na ba ta wuta. Allura ta wuce ɗari, ta wuce ɗari da ashirin, injin ko gezau, yana neman ƙari. Murna ta cika ni har idona ya kawo ruwa. Sai na ji hannunsa a gwiwata.

“Rage, Habu. Baba bai taɓa wuce tamanin ba in muna ciki.”

Na rage. Da tamanin muka je, da tamanin muka dawo, manyan motoci na wuce mu suna mana hon, shi kuwa ya jingina da kujera ya sauke gilas yana ba ni labarin tafiye-tafiyen da suka yi da Baba kafin a haife ni. Da muka tsaya a ƙofar gida ya miƙo mini hannu, na ɗauka musabaha ce ta yabo, na kama da hannu biyu. Ya zare nasa ya ce makulli yake nufi, ai shi ne babba, kuma da awonsa ta tashi.

Yanzu haka yana koyon tuƙi wajen wani tsohon direba a unguwarmu. Ni kuwa in ina son hawa sai na je na gaishe shi da safe, na tambayi ƙafarsa, sannan in roƙi aro.